Yadda Ake Rarrabe Mafarki da Zahiri a Cikin Gajeren Labari

Akwai irin labarin da za ka karanta har ƙarshe, ka rufe littafin, sannan ka tsaya kana tambayar kanka: wai abin nan ya faru ne, ko kuwa barci ne ya kwashe mutumin? Ɗaliban adabi a nan Katsina, na jami'a da na kwalejin ilimi, sukan haɗu da irinsa, kuma galibi gida biyu suke rabuwa. Wasu su ce ai mafarki ne, su tattara littattafansu kamar an gama magana. Wasu kuma su ce me zai hana ya faru, tunda aljanu gaskiya ne, sihiri ma gaskiya ne. Duk su biyun sun ba da amsa tun ba su bincika ba. Abin da nake so in shimfiɗa a nan shi ne hanyar binciken, daki-daki, domin amsarka ta tsaya a kan abin da marubuci ya rubuta, ba a kan abin da ka taso kana ji a gida ba.

Labarin da za mu yi aiki da shi shi ne "Young Goodman Brown" na Nathaniel Hawthorne, marubucin Amurka da aka haifa a garin Salem a 1804. An fara buga shi a 1835. Wani saurayi ne mai suna Brown, wata uku da aurensa, ya yi sallama da amaryarsa Faith da faɗuwar rana, ya nufi daji don cika wani alkawari da shi kansa ya san ba na alheri ba ne. Can ya haɗu da wani dattijo mai kama da shi, riƙe da sanda mai siffar baƙin maciji. Suna cikin tafiya ya ga tsohuwar da ta koya masa addini yana yaro tana gaisawa da dattijon nan gaisuwar sanayya, ya ji muryar limamin cocinsu da ta wani dattijon coci suna hanzarin zuwa taron dare, daga ƙarshe ya iske kusan duk mutanen garinsu, na kirki da na banza, a wajen bautar Shaiɗan, har da matarsa. Ya ƙwala mata kira yana cewa ta dubi sama ta bijire. Nan take komai ya ɓace. Da safe ya koma gari, bai sake amincewa da kowa ba har ya tsufa ya mutu cikin baƙin ciki.

Ka samu labarin ka ajiye a gefenka kafin mu ci gaba, da biro da takarda. Ba a yin wannan aiki da ka.

Mataki na farko: ware abin da ba a gardama a kansa

Karatun farko ka yi shi a tafi ɗaya, ka bar labarin ya ɗauke ka. A karatu na biyu ne aiki yake. Raba takardarka gida uku. A gidan farko ka rubuta abin da ya faru kafin a shiga wurin da ake shakka, a na uku abin da ya faru bayan an fito, ka bar na tsakiya ga duk abin da kake tababa a kansa.

A labarin Brown, gidan farko ya ƙunshi sallamarsa da matarsa, roƙon da ta yi masa ya kwana a gida, da shigarsa daji da ƙafarsa. Gida na uku ya ƙunshi dawowarsa da safe da sauran shekarun rayuwarsa. Tun a nan ka riga ka samu abu mai nauyi: ko mafarki ne ko zahiri, mutumin nan ya fita da mugun nufi idonsa biyu, kuma a daji ya kwana. Wanda ya ce mafarki ne don ya wanke Brown, bai wanke shi ba.

Mataki na biyu: nemo inda barci zai iya shigowa, da inda ya fita

Marubucin da ya iya aikinsa ba kasafai yake cewa "sai barci ya ɗauke shi" ba. Wuri yake bari inda barcin zai iya shigowa a sace: mutum ya zauna, ya jingina, ya lumshe ido, ya sha wani abu, zazzaɓi ya rufe shi, ko aka buge shi a ka. Bi gidan tsakiya layi-layi kana neman irin wannan wuri.

A labarinmu akwai inda Brown ya zauna a kan kututturen itace ya ce ba zai ƙara ko taku ɗaya ba. Dattijon ya jefa masa sanda, ya ɓace, ya bar shi zaune shi kaɗai cikin duhu yana yaba wa kansa, yana tunanin daɗin barcin da zai yi a gida. Mutumin da ya gaji, ya zauna, yana tunanin barci: wannan ƙofa ce a buɗe. Amma kada ka yi saurin murna, domin abubuwan mamaki sun fara tun kafin ya zauna. Tsohuwar nan ta riga ta ɓace a gabansa, reshen itace ya riga ya bushe a hannun dattijon. In ka ce a kan kututture mafarkin ya fara, to sai ka yarda dattijon nan da gaske yake. In kuma ka ce har dattijon mafarki ne, sai ka mayar da ƙofar baya zuwa farkon shigarsa daji, inda babu wata alamar zama ko gajiya. Rubuta duka biyun, ka san kowanne yana da kuɗin da zai ci maka.

Fitar ta fi bayyana. Dutsen da yake ci da wuta ya taɓa shi ya ji sanyi da danshi, reshen da ya gani yana ƙuna ya yayyafa masa raɓa a kunci. Babu toka, babu ɗumi, babu ƙauri. Ko dai farkawa ce, ko kuwa sihiri ne aka ɗauke. Ka rubuta shi a takarda, ba ka kai ga hukunci ba tukuna.

Mataki na uku: wa ya gani, kuma da me ya gani?

Nan ne mafi yawan masu karatu suke zamewa, don haka a nan nake so ka fi jimawa. Cikin labari akwai murya biyu da suke kama da juna: muryar mai ba da labari, da abin da ke yawo a kan tauraron labarin. In mai ba da labari ya ce abu ya faru, kai tsaye ba kwana-kwana, wannan shaida ce mai ƙarfi. In kuwa cewa ya yi tauraro ya ga kamar ya faru, to ya zare hannunsa ke nan, ya bar ka da idon mutum ɗaya, cikin duhu, cikin tsoro.

Ga abin yi. Ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ke nuna tantama: kamar, wataƙila, sai ka ce, ya ɗauka, ya ji kamar, wasu sun ce. Za ka sha mamakin yawansu a labarin Brown. Sandar nan ta yi kamar tana motsi, amma nan da nan mai labari ya ce ƙila ido ne da ƙarancin haske. Da aka jefar da ita ƙasa, cewa ya yi wataƙila ta zama mai rai. Abin da ke cikin ramin dutsen da za a yi wa sababbin mabiya wanka da shi, tambaya ya jera: ruwa ne da hasken wuta ya rina, ko jini, ko narkakkiyar wuta? Bai zaɓa maka ko ɗaya ba.

Sannan ka tsaya a kan kowane mutum da aka ce ya halarci daren, ka tambaya: ganinsa aka yi ko jinsa? Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma Hawthorne ya yi wasa da wannan sosai. Mahaya biyun da suka wuce, Brown ya yi ɗage, ya buɗa rassa, ya leƙa, ko inuwarsu bai gani ba. Murya kawai ya ji, ya ce zai iya rantsuwa ta liman ce da dattijon coci. Muryoyin da suka fito daga gajimare ma haka, suna zuwa suna ɓacewa, har shi kansa ya yi shakkar ko kukan daji ne. A wurin taron kuwa ya ga fuskoki, amma cikin hasken wuta mai tashi yana kwanciya.

Wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni a wannan gaɓa ta ce, "Allah gafarta Malam, to ai tsohuwar da idonsa ya gan ta, har magana ta yi." Gaskiyarta. Kuma irin wannan ƙorafi shi ake so, domin ya nuna shaidun ba nauyinsu ɗaya ba. Amsar da ke cikin labarin ita ce, dattijon da ke tare da shi gwanin ɗaukar siffar mutane ne, tunda tsohuwar da bakinta ta ce ya zo mata a kamannin kakan Brown. Wanda zai iya aron fuskar mamaci, me zai hana shi aron fuskar mai rai? Ka ga yanzu hanya ta zama uku ba biyu ba: mafarki, ko taron gaske, ko kuwa Shaiɗan na gaske da ya nuna masa hotunan ƙarya. Ƙara wannan a takardarka.

Gargaɗi ɗaya. In fassara kake karantawa ko taƙaitawar intanet, waɗannan ƙananan kalmomi su ne farkon abin da ake zubarwa. Mai taƙaitawa zai ce maka sandar ta zama maciji, alhali marubucin bai ce haka ba. Koma wa asalin rubutun ko da Turancin zai wahalar da kai.

Mataki na huɗu: me ya kwana har safe?

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne ƙarfi, kuma mutanen ƙasar Daura sun san shi tun kafin a kawo boko. A labarin Bayajidda, da dare ya je rijiyar Kusugu shi kaɗai ya kashe macijin da ya hana mutane ɗibar ruwa. Ba wanda ya gani. Da gari ya waye, masu cewa su ne suka kashe suka yi yawa, abin da ya raba gardama shi ne kan macijin da baƙon ya yanke ya adana. Abin da aka yi da dare sai ya bar wani abu da za a riƙe da rana, wanda wani mutum dabam zai iya gani ya taɓa.

To ka tambayi labarinka haka nan: akwai wani abu da ya tsallako daga gidan tsakiya zuwa gida na uku? Rauni a jiki, laka a takalmi, kuɗi a aljihu, wani mutum da ya tabbatar da abin ba tare da an tambaye shi ba?

Dubi yadda gwajin yake aiki a labarin Abu Hasan na cikin Dare Dubu da Ɗaya. Halifa Haruna Rashid ya sa masa maganin barci, aka ɗauke shi zuwa fada, ya farka ana kiransa sarkin Musulmi. Ya ɗauka mafarki yake, har ya sa aka cije shi don ya tabbatar. Ya yi mulkin yini guda, ya sa aka hukunta wasu maƙwabtansa da suka dame shi, ya aika wa mahaifiyarsa zinariya, aka sake sa masa magani aka mayar da shi gida. Kowa ya ce masa mafarki ya yi, har aka kai shi gidan mahaukata. Amma maƙwabtan nan da gaske an buge su, zinariyar nan da gaske ta iso hannun tsohuwa. Cizon bai tabbatar da komai ba, domin a mafarki ma mutum yakan ji zafi. Zinariyar ita ce hujja, saboda tana hannun wani.

Yanzu koma wa Brown. Akwai abin da ya riƙe da hannunsa a daren nan: ƙyallen ado mai ruwan hoda irin na hular matarsa, wanda ya faɗo daga sama ya maƙale a reshe. Shi ne ya karya masa zuciya, ya yi kururuwa cewa Faith ɗinsa ta tafi, kuma da yake sunan nata imani yake nufi, ka san abu biyu ya rasa a numfashi ɗaya. Masu cewa zahiri ne a nan suke kafa ƙafa, kuma suna da hujja, domin a wannan layin mai labari bai ce "kamar" ba. Cewa ya yi ya kama shi ya duba.

Amma bi ƙyallen nan zuwa safiya. Ina yake? Labarin bai sake cewa yana hannunsa ko aljihunsa ba. Da ya shigo gari, ga matarsa ta taho da murnarta, da ƙyallayenta masu ruwan hoda a ka. Liman yana zagaya maƙabarta yana shirya wa'azi, ya sa masa albarka. Ana jiyo addu'ar dattijon coci ta taga. Tsohuwar nan tana tsaye a rana tana koya wa wata yarinya karatun addini. Ba mai alamar ya kwana a daji sai shi. Wannan ya karkata ga mafarki ƙwarai. Sai dai mai gaskiya zai ƙara da cewa ƙyallayen nata da yawa ne, ba a ƙirga mana su ba, kuma in da munafukai ne, ai haka za su wayi gari kamar ba su ba. Shaidar ta raunana, ba ta mutu ba.

Mataki na biyar: auna lokaci da nisa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Duba ko agogo da hanya suna tafiya yadda aka saba. Dattijon ya ce wa Brown ya makara, domin shi minti 15 da suka wuce yana Boston, garin da ke da nisan kusan kilomita 25 daga Salem, garin su Brown, a zamanin da ba abin hawa sai doki. Daga baya Brown kansa ya ratsa daji kamar yana tashi sama.

Inda wannan gwaji ya fi cin nasara shi ne labarin Ambrose Bierce na 1890, "An Occurrence at Owl Creek Bridge". Sojoji za su rataye wani mutum a kan gada lokacin yaƙin basasar Amurka, igiya ta tsinke, ya faɗa ruwa, ya tsere. Mai karatu da ya lura zai ga mutumin yana hango jijiyoyin ganye a gaɓar kogi, yana ganin launin idon sojan da ke auna shi daga nesa, ya bi hanyar da bai taɓa sani ba a yankinsu, taurarin sama ma ba irin waɗanda ya sani ba ne. Yana miƙa hannu zai rungumi matarsa, sai layin ƙarshe ya nuna shi rataye a gada, wuya a karye. Duk tafiyar yini da dare a cikin ƙiftawar ido ta faru. A can marubuci ya yanke hukunci da bakinsa. A labarin Brown kuwa karyewar lokaci ba ta raba gardama, domin Shaiɗan ma yana iya wannan sauri.

Mataki na shida: nemo irin da aka shuka da rana

Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne: na bushara daga Allah, na ɓacin rai daga Shaiɗan, da wanda yake zancen zuci ne, abin da mutum ya yini yana saƙawa. Ga mai nazarin labari, na ukun nan kayan aiki ne. Ɗauki kowane abu da ke gidan tsakiya ka duba ko yana da tushe a gidan farko.

Tun a bakin ƙofa matar Brown ta yi masa maganar miyagun mafarkai da ke damun mace in tana ita kaɗai, shi ma yana tafe yana juya maganar a ransa. Ƙyallen hularta shi ne abin da ya gani da ya waiwaya. Yana shiga daji ya ce a ransa ƙila Shaiɗan na nan kusa da shi, bai rufe baki ba sai ga dattijo zaune a gindin itace. Dattijon kuma kamarsa ɗaya da shi, har a ce uba da ɗa ne. Da yawa daga mutanen da ya gani waɗanda yake jin kunyarsu ne, waɗanda da sun san inda ya nufa da ya rasa inda zai sa kansa. Mai laifi ba abin da ke sanyaya masa rai kamar ya ga kowa ma mai laifi ne. In ka tara waɗannan, hujjar mafarki ta yi ƙarfi, kuma ta gaya maka wani abu game da zuciyar mutumin.

A nan zan ja kunnenka. Kada ka ɗauko littafin fassarar mafarki irin wanda ake jingina wa Ibn Sirin ka ce maciji maƙiyi ne, wuta fitina ce, shi ke nan. Wancan ilimi ne na mafarkin da mutum ya kwanta ya yi. Wannan kuwa mutum ne ya zauna da alƙalami, idonsa biyu, ya zaɓi kowace alama don masu karatun da ya sani. Maciji a wurinsu yana tuna musu labarin Adamu da Hauwa'u yadda yake a littafin Kiristoci, inda maciji ne ya yi ruɗin. Labarin da kansa kuma ya danganta sandar da sandunan bokayen Masar, waɗanda mu ma muka sani a ƙissar Annabi Musa da Fir'auna. Ma'anar alama a cikin labarin da al'adar marubucin ake nemanta.

Mataki na bakwai: tambayi tarihin wurin

A 1692 aka yi shari'ar maita a Salem, aka rataye mutum 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Ɗaya daga cikin alƙalan, John Hathorne, kakan kakan marubucin ne. Sunayen wasu mata da ke cikin labarin, irin su Cloyse da Martha Carrier, na mutanen gaske ne da aka tuhuma a lokacin, kuma ita Carrier tana cikin waɗanda aka rataye. Abin da ya fi shafar aikinmu shi ne irin shaidar da kotun ta karɓa: mutum ya zo ya ce kurwar wance ta zo masa da dare ta shaƙe shi, a ɗauki wannan hujja, alhali ita wancen tana ɗakinta.

Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani a kan wannan ba. Mun san yadda yaro ko mace kan ambaci sunan wata tsohuwa cikin zafin zazzaɓi, kafin a jima unguwa ta ɗauka an kama kurwa, a taso baiwar Allah a ce sai ta tsallaka marar lafiya. Gidaje sun watse a kan haka, an kori mutane daga garuruwansu, wasu an kashe su. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna cewa abin da aka gani cikin magagi shi ake yi wa mai rai hukunci da shi.

Da wannan a zuciyarka ka sake karanta safiyar Brown. Ya fizge yarinya daga hannun tsohuwa, ya kauce wa albarkar liman, ya wuce matarsa ko sallama babu. Ya zama alƙalin Salem shi kaɗai, ya karɓi shaidar dare ya yanke wa gari guda hukunci, bai tambayi kowa ba, bai ba kowa damar kare kansa ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji Hausawa, shi kuwa ya zauna da zatonsa har 'ya'ya da jikoki suka raka gawarsa, aka rasa kalmar fata ɗaya da za a rubuta a kabarinsa.

Mataki na takwas: yanke hukunci gwargwadon shaida, ka rubuta

Yanzu dubi takardarka. Labarai irin waɗannan ba sa wuce kashi uku. Akwai wanda marubuci ya rufe a kan cewa ba zahiri ba ne, kamar na mutumin gada. Akwai wanda ya rufe a kan cewa zahiri ne ko da tauraro yana shakka, kamar na Abu Hasan. Akwai kuma wanda ya bari a buɗe da gangan. Masanin adabi Tzvetan Todorov ya yi littafi a 1970 a kan wannan kashi na uku, inda ya nuna cewa tsayuwar mai karatu tsakanin bayani biyu ita ce ginshiƙin irin wannan labari.

Ta yaya za ka san an bari a buɗe da gangan ne, ba kai ne ka kasa ganewa ba? In duk shaidar da ka ɗaga ka tarar an ajiye mata kishiya a kusa, to da niyya aka yi. Kututture yana da abubuwan mamakin da suka riga shi, ƙyalle yana da safiyarsa, tsohuwa tana da mai aron fuska. Ƙari a kan haka, Hawthorne ya fito fili a kusa da ƙarshe ya tambaya ko barci ne ya kwashe Brown a daji, ya ce in ka ga dama ka ɗauka haka, sannan ya wuce kai tsaye ga abin da daren ya mayar da mutumin.

Saboda haka kada ka rubuta "ya danganta da ra'ayin mai karatu" ka ajiye biro. Wannan gudu ne. Faɗi inda ka karkata, ka kawo shaida biyu ko uku daga labarin da shafinsu, ka kawo shaida mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren da bakinka kafin malami ya kawo maka ita, sannan ka nuna me ke canzawa da me ke zama daram a kowane karatu. Ni dai na karkata ga cewa abin da Brown ya gani daga zuciyarsa ya fito, saboda babu abin da ya kwana har safe, kuma kowace fuska tana da tushe a tsoronsa. Zan amince cewa ƙyallen ya tsaya mini a wuya. Zan ƙara da cewa in zahiri ne, labarin yana magana a kan munafuncin gari, in mafarki ne, yana magana a kan mutumin da ya shafa wa kowa laifinsa, kuma a duka biyun bai taɓa sanin ko matarsa ta amsa kiransa ta bijire ba, bai kuma taɓa tambayarta ba.

In kana so ka gwada hannunka a wani labarin, nemi "Hanci" na marubucin Rasha Nikolai Gogol, wanda ya fito a 1836. Wani jami'in gwamnati ne ya farka ya tarar hancinsa ya ɓace, daga baya ya gan shi yana yawo a birni cikin kayan babban ma'aikaci. A rubutunsa na farko Gogol ya ƙare da cewa mafarki ne, kafin a buga ya cire wannan ƙarshen. Raba takardarka gida uku, ka fara da wanzamin da ya tsinci hancin a cikin burodi, ka ƙirga mutum nawa ne suka gan shi ban da mai shi.